Saran Daji a Ƙasar Katsina: Mai Gatari, Mai Hatsi da Mai Takarda

Yankin Kankiya da Kusada, a tsakiyar jihar Katsina, tsohon mazauni ne, kuma ƙasarsa ta daɗe da cika. Ƙidayar 2006 ta samu mutum kimanin 99,000 a ƙaramar hukumar Kusada, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 390 ba. Ke nan sama da mutum 250 ne a kowane murabba'in kilomita, kuma mafi yawansu a gona suke ci. A ƙauyuka irin su Bauranya da Yashe da Mawashi da Kaikai gona ba ta samun hutu. A shuka gero da dawa, a jefa wake ko gyaɗa a tsakani, a girbe, da rani a kai taki a jaki ko amalanke, ruwa na sauka a sake komawa. Idan maigida ya rasu aka raba gado, gonar da ta ciyar da gandu guda sai ta koma yanki-yanki, kowane ɗa da ɗan abin da ba zai kai shi wata shida ba. Tun kaka da kakanni mafitar ɗaya ce: wani daga cikin 'ya'yan ya tattara iyalinsa ya tafi neman daji.

Dajin yana kudu da yamma. Hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Katsina a wajen Yashe ta ratsa Malumfashi ta sauka Funtuwa, kuma duk yadda aka gangara ruwan sama ƙaruwa yake yi, jigawa tana ba laka wuri. A shekara mai kyau Funtuwa tana samun ruwan da ya haura milimita 1,000, birnin Katsina kuwa da wuya ya kai 700. Daga yamma akwai dajin Rugu, wanda ya miƙe daga ƙasar Batsari da Safana da Ɗanmusa har cikin Zamfara. Kusan duk tsawon ƙarni na 20 waɗannan wurare ne bakin daji na ƙasar Katsina. Can talaka ke zuwa ya sare sabuwar gona, can ɗan kasuwa ke bin sa da hatsi da bashi, daga baya kuma mai takarda ya zo ya tarar da su duka biyun. Tarihin wannan yanki ya nuna cewa wahalar shekarun farko ita ke ba ƙasa daraja, kuma a cikin waɗannan shekarun ne mai wahalar ya fi kusa da rasa ta.

Asalin dajin

Yaƙi ne ya bar wannan ƙasa mai albarka a kwance. Bayan da jama'ar Shehu suka ci birnin Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsofaffin sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin ba a daina kai hari ba. Mayaƙan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗanbaskore da kuma na Ƙaura Hasau, sukan ratsa dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara su faɗa wa garuruwa, su kwashi mutane da dabbobi. Manomi bai isa ya kwana a gona mai nisa ba. Jama'a suka cunkushe cikin garuruwa masu ganuwa da kewayensu, ƙauyukan bakin hanyar hari suka zama kufai, itace ya rufe su.

Shugabannin daular Sakkwato sun san darajar cika irin wannan wuri da mutane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi tsarin kafa ribaɗi a kan iyaka, kuma a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje, ya ja hankalinsa ga raya garuruwa da tallafa wa manoma da masu sana'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa. Ƙa'idar Malikiyya ita ce wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta hanyar sare ta ko haƙa rijiya ko gini ko dashe, shi ke da ita, amma idan tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Wannan sharaɗi na izini shi ne ƙofar da duk cinikin ƙasar daji ya riƙa bi har yau.

Dajin kuma bai taɓa zama ba na kowa ba. Akwai tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo, masu sarauta da iyakokinsu. Akwai Maguzawa a ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, masu manyan gandaye da rumbunan da kan ajiye dawar shekaru. Akwai Fulani da suka san kowace mashaya da kowane burtali, da mafarauta, da masu ɗiban zuma. Abin da baƙo ke kira daji, wani wurin kiwonsa ne.

Zuwan Turawa a 1903 ya canza lissafi. Iyaka ta jefa Maraɗi hannun Faransa, hari ya tsaya. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yantar da duk yaron da aka haifa bayan 1 ga Afrilun shekarar, don haka bayi da yawa suka bar rumada suka shiga neman gonar kansu. Mutane suka fara fitowa daga ganuwa. A 1910 gwamnatin Arewa ta yi dokar da ta sa dukkan ƙasa ƙarƙashin ikon gwamna, a matsayin amana ga 'yan ƙasa. Wannan ya hana Turawa mallakar manyan gonaki irin yadda suka yi a Kenya, kuma alheri ne babba. Sai dai a aikace ikon ya sauka hannun sarki da hakimi da dagaci, domin su ne idon gwamna a ƙauye. A takarda ba a sayar da gona. A ƙauye kuwa ana saye ana sayarwa, da sanin mai gari, a ce kuɗin wahalar sara aka biya ko kuɗin taki.

Auduga da jirgi

Abin da ya mai da daji kuɗi shi ne kasuwa. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902, ya sa rai cewa jirgin ƙasa na isa Kano auduga za ta kwarara. Jirgi ya iso a 1911, amma manoman Kano da na tsakiyar Katsina suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi dacewa da jigawa, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Auduga sai ta samu gida a ƙasar laka, daga arewacin Zazzau zuwa kudancin Katsina da Gusau. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen, aka kafa gonar renon iri a Daudawa, aka gina injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Funtuwa, wadda a da ƙaramin ƙauye ce a ƙarƙashin Maska, ta zama garin kantuna da motoci da 'yan baranda, har Sarkin Maska ya dawo da mazauninsa cikinta.

Yunwa ma ta yi nata korar. Kakalaba ta 1914 da yunwar 1927 da 'Yar Gusau ta 1942 duk sun tura mutanen arewa da tsakiya zuwa inda aka ce akwai dawa. Wasu sun je cin rani ne, suka yi ƙwadago a gonar auduga, suka ga ƙasa, shekara ta kewayo suka dawo da mata da yara. Sunayen ƙauyukan kudu suna ɗauke da wannan tarihi: Unguwar wane, Gidan wane, Sabon Layi, Katsinawa, Kanawa, Daurawa, Gobirawa.

Shekarun farko na baƙo

Mai neman daji ba ya faɗa masa kai tsaye. Sai ya sauka gidan wani, galibi ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, wanda zai zama maigidansa ya kai shi gaban mai unguwa ko dagaci. A kai gaisuwa, goro da ɗan abin da ya sawwaƙa. A haɗa shi da wakili su shiga daji, a nuna masa daga waccan kuka zuwa wancan rafi, a sassare bawon itace a matsayin shaida. A lokacin dagaci yana maraba da baƙi, domin yawan masu biyan haraji shi ne girmansa, kuma daga abin da ya tara ake yanka masa rabonsa. Ƙasa ba ta da tsada. Mutum ne ke da tsada.

Aikin yana farawa da rani. Gatari da adda da wuta su ne kayan aiki. A sare ƙananan itatuwa, a tara a ƙona, a kewaye gindin manya da wuta su mutu a tsaye, a bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya saboda amfaninsu. Kututture da saiwa ba sa fita a shekara ɗaya ko biyu, don haka garmar shanu ba ta shiga, sai fartanya. Mutum ɗaya da ƙananan yara, komai ƙoƙarinsa, abin da zai share kafin ruwan shuka kaɗan ne. A lokacin nan kuma yana gina bukka, yana neman ruwan sha. Kafin a haƙa rijiya tafki ake sha, kuma daga tafki kurkunu ke fitowa, wanda ya fi kwantar da mutum a tsakiyar damina, daidai lokacin noman farko da maimai. A bakin rafukan kudu akwai ƙudan tsando mai kashe jaki da saniya, mai sa wa mutum ciwon barci. Gona guda a tsakiyar daji abincin kowa ce: birai da rana, gadu da dare, tsuntsaye idan dawa ta yi ido. Yaro ba shi da aiki sai zaman dakali yana kaɗa gwangwani. Babu asibiti, babu kasuwa kusa, mace mai naƙuda sai abin da Allah ya yi.

Babbar matsalar ita ce ci. Baƙo ya zo da ɗan guzurin da ya samu daga sayar da akuya ko jinginar da gayaunarsa ta gida. Kafin marka guzurin ya ƙare, ga amfani bai nuna ba. Hanya biyu gare shi. Ko dai ya bar gonarsa ya je ƙwadago a gonar mai hali don ya samo tiyar dawa, ciyawa ta cinye tasa, ko kuma ya ci bashi. Yawanci duka biyun yake yi. Da kaka kuma haraji na jira, kuma Turawa ba sa karɓar dami, sai tsabar kuɗi. Dole ya kai amfaninsa kasuwa a makon da kowa ke kai nasa, lokacin da farashi ya fi faɗuwa a duk shekara.

Wanda ya jure shekara huɗu ko biyar yakan ga daɗi. Sabuwar ƙasa tana ba da dawa ba tare da taki ba, kututture ya ruɓe, an samu maƙwabta, an yi masallaci, hanya ta fito. Gonar da aka ba shi a bakin goro yanzu ta zama abin da za a taya. Amma ba kowa ke kaiwa nan da gonarsa a hannu ba.

Falle, jingina, sayarwa

Bashin ƙauye yana da matakai, kuma kowanne yana miƙa mutum ga na gaba. Na farko shi ne falle: a karɓi kuɗi ko hatsi da damina, a biya da amfanin gona da kaka, a farashin da aka yanke tun amfanin yana tsaye. Mai bayarwa yakan zama ɗan kasuwar hatsi na ƙauyen ko yaron wani ɗan baranda, wanda shi ma kamfani ko attajirin birni ne ya ba shi jari don ya tabbatar masa da auduga ko gyaɗa. Haka sarƙar take tun daga kanti har bukka, kowa yana cire nasa, kuma asarar fari ko fara ko faɗuwar farashi tana gangarowa ta tsaya a kan na ƙarshe. Kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949 bai sauya wannan ba. Ya dai tsayar da farashi a ƙasa da na kasuwar duniya, ya mai da manyan 'yan baranda wakilai masu lasisi.

Idan kaka ba ta biya falle ba, sai jingina. Mai kuɗi ya riƙe gonar, yana nomawa yana cin amfaninta har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Malamai da yawa suna ganin cin amfanin gonar jingina a kan bashi riba ce, amma al'adar ta zauna. Wanda ya jinginar da rabin gonarsa ya rage abin da zai girbe, don haka fansarta ta ƙara nisa. Bayan shekara biyu ko uku sai ya koma ya ce a ƙara masa wani abu. Ƙari kan ƙari, har kuɗin su yi kusa da darajar gonar, sai a ce to a cika masa kawai a rufe magana.

Ranar cikawa ba ta da wani biki. Dillali ya zo da mai saye, a kira mai unguwa da maƙwabtan gona ta kowace kusurwa. A bi iyaka da ƙafa, ana nuna layin gamba, da surin da ke kusurwa, da aduwar da aka ce ta wane ce. A zauna a inuwa a ƙirga kuɗi gaban shaidu, a cire bashin baya, a cire la'adar dillali, a cire na mai gari. Wani lokaci a yago takarda daga littafin ɗan makaranta a rubuta da boko ko ajami, kowa ya dangwala. A ce Allah ya sa albarka, a shafa fatiha. Abin da ya rage a hannun mai gona sau da yawa bai wuce na buhu biyu da kuɗin mota ba. Daga nan ko ya zama ɗan ƙwadago a gonar da ya sare da hannunsa, ko ya ƙara nutsawa gaba ya sake sabon sara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu bincike sun ga wannan da idonsu. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 ta fitar da littafinta a 1972, ta tarar ana cinikin gona a fili, kuma mafi yawa daga hannun matalauta take tafiya zuwa hannun masu hali. Ta nuna cewa akwai talaucin da ke hana mutum noma ko da yana da gona, domin ba shi da iri, ba shi da taki, ba shi da abincin da zai tsaya a gonarsa. A bincikenta na Dorayi, kusa da Kano, ta ƙara da cewa mafi talauci ko ƙaura ba ya iya yi. Tafiya daji tana son jari. Paul Clough, wanda ya yi aiki a Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna ɗaya fuskar: attajirin ƙauye yana ɗauke da nauyin mata da 'ya'ya da barori da 'yan'uwa, ana sa ran ya yi rance, ya yi haƙuri, ya yi sadaka, kuma idan ya mutu gado ya warwatsa abin da ya tara. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba daidai ba ne a ɗauki kowane mai ba da falle a matsayin azzalumi. Sau da yawa shi kaɗai ne ke da hatsi a watan da yara ke kuka. Laifin yana ga tsarin da ya bar mai sara ba shi da wata ƙofa sai tasa.

Gwamnatin Turawa ta gwada zaunar da manoma da kanta. Shirin noma da shanu ya fara a 1928 da manoma uku, ana ba da bijimai da garma bashi ta hannun En'e, kuma a Daudawa an yanka gonaki an zaunar da irin waɗannan manoma. Garmar shanu ta karɓu ƙwarai, sai dai masu sarauta da masu hali ne suka fi samun ta da farko. A Mokwa, cikin ƙasar Nufe, shirin da aka fara a 1949 ya ɗora wa kowane gida eka 24, tarakta ta yi huɗa, iyali su yi noma da hannu, kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku na amfani. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, rabon bai biya wahala ba, shirin ya rushe a 1954.

Zamanin takarda

Shekarun 1970 ne suka kawo wani sabon mai saye, wanda ba ya zaune a ƙauyen kuma ba ya jin kunyar kowa a cikinsa. Farin 1973 ya sake turo mutane kudu. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya abin da tsakiyar Katsina ke samun kuɗi da shi. A shekarar ce kuma aka fara shirin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aka yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da takin zamani mai rangwame, aka yaɗa sabon irin masara. Masara da takin zamani suka mai da lakar kudu wurin neman kuɗi na gaske. Shirin da kansa ya fi mai da hankali ga manoman da ya kira masu ci gaba da kuma masu manyan gonaki, abin da masana da dama suka soka tun a lokacin.

Ga kuɗin mai sun shigo. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta kafa asusun lamunin bashin noma a 1977, Shagari ya zo da nasa shirin a 1980. Banki kuwa ba ya karɓar shaidar mai unguwa, sai takardar shaidar mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Obasanjo ta fitar a watan Maris na 1978, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Idan hukuma ta karɓi ƙasa, diyyar da doka ta tanada ta amfanin da ke kai ce da gini, ban da ƙasar kanta. An ce an yi dokar don a hana wawaso, amma wanda ya san ofis ne ya ci moriyarta. Manyan ma'aikata, hafsoshi masu ritaya, 'yan kwangila da attajiran birni suka mallaki ɗaruruwan hektoci a gefen hanyoyin kudu. Wasu sun yi noma na gaskiya. Wasu sun kafa allo da waya, suka kai takarda banki suka karɓi bashin noma, kuɗin suka tafi sayen motocin haya ko gina gidaje, ƙasar tana kwance tana jiran farashi ya tashi. Manomin da ya shekara ashirin a wurin bisa izinin baka sai ya wayi gari ana ce masa aro aka ba shi.

Koke ya yi yawa har gwamnatin Balarabe Musa ta tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ta soke haraji da jangali a 1979, ta kuma kafa hukumar binciken filaye don sauraron talakawan da aka ƙwace wa gonaki. An tsige gwamnan a 1981. A Bakolori, cikin ƙasar Talatar Mafara, manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa.

Ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 da ƙarin ƙananan hukumomi ya kawo irin wannan ciniki bakin gari. Duk inda aka ji za a yi sakatariya ko makaranta ko titi, masu labarin ciki sukan riga kowa sayen gonakin wurin, su yanka su awon igiya, su sayar fegi-fegi.

Da daji ya ƙare

Da ƙasar da ake ɗauka ba ta da mai ita ta ƙare, ido ya koma kan wadda aka keɓe. Tun zamanin En'e akwai gandun daji da malaman daji masu tsaronsa, kuma dokar makiyaya ta Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe wuraren kiwo, irin su na Ruma da Kukar Jangarai. Sannu a hankali aka riƙa yanka waɗannan wurare, wani da izinin dagaci, wani da takardar ƙaramar hukuma, wani a matsayin ladan siyasa. Burtali ya tsuke har shanu ba sa wucewa sai sun taɓa shuka, aka nome bakin mashaya. Kowace ɓarna ta zama ƙara, kowace ƙara ta zama tara, kuma makiyaya sun daɗe suna kukan cewa a wurin shari'a ana tatsar su. Ƙaramin manomin da ke gefen daji da ƙaramin makiyayi su ne suka yi ta karo, alhali wanda ya sa hannu a takardar yana birni.

Ta'addancin da ya mamaye yankin daga shekarun 2010 yana da sababai da yawa: satar shanu, shigowar bindigogi, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, rashin hukuma a daji, da kuɗin fansa da suka mai da abin sana'a. Rikicin ƙasa ɗaya ne daga cikinsu, kuma ba ya wanke kowa daga jinin da ya zubar. Amma ƙananan hukumomi takwas da aka fi kira na bakin daga, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, su ne dai tsohon bakin dajin da aka sare. Sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 ya sanar da duniya abin da ƙauyawa suka daɗe suna ciki. A wurare da dama sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe, wani lokaci a yi musu aikin gayya a gonakin da suka ƙwace. A 'yan shekarun nan harin ya taɓa Matazu da Musawa da Kankiya.

Wannan ya juya kasuwar gona. A inda ake tsoro farashi ya karye, kuma iyalin da aka sace wa mutum sukan sayar da gona cikin kwana biyu, a duk yadda aka taya, don haɗa kuɗin fansa. Mai saye shi ne mai ƙarfin jira har lafiya ta dawo. A inda ake da sauran kwanciyar hankali kuwa gona ta yi tsadar da matashi ba ya iya tunkara, aron da ake yi don zumunci ya koma haya ta shekara-shekara, kuɗi a hannu kafin shuka.

Waɗanda suka gudo suka koma garuruwan iyayensu sukan tarar da wata shari'ar. Gonar da kaka ya bari a hannun ɗan'uwa shekara hamsin da suka wuce, an gaje ta, an raba, wataƙila an sayar. Kotunan shari'ar Musulunci suna aiki da ƙa'idar hauzi: wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana amfani da ita a gaban mai ita, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, da'awarsa ta faɗi, tsakanin dangi kuwa wa'adin yakan kai shekara arba'in. Hauzi ba ya aiki idan aka tabbatar aro ne ko jingina ko haya, amma tabbatarwar tana bukatar shaidu, kuma dattawan da suka bi iyakar da ƙafa yawanci sun riga mu gidan gaskiya.

Masu sauran ƙarfi suna ƙara yin nisa, zuwa jihohin Neja da Nasarawa da Taraba da Kwara, har ƙasar Yarbawa. A can sharaɗin ya bambanta da na kudancin Katsina a zamanin kakanninsu. Ƙasa ta 'yan asalin wuri ce, baƙo haya yake yi ko ya ba da wani kaso na amfani, a wurare da yawa ba a yarda ya dasa itace mai daɗewa ba don kada ya zama hujjar mallaka, kuma mai ƙasa yana iya karɓar abinsa bayan an gama cire kututture.